Malam Teku da Taɓon Zobe

Sunansa na yanka Ikrima, amma a makarantar 'yan matan da yake koyar da ilimin halittu a Dutsin-Ma ba mai kiransa haka sai shugabar makaranta, ita ma sai in ranta ya ɓaci. Malam Teku ake ce masa, tun daga ɗakin malamai har wurin masu sayar da awara a bakin ƙofa. Shi ya jawo wa kansa. A shekarar da ya yi bautar ƙasa an tura shi wani ƙauyen masunta can kudu, a bakin teku, kuma tun da ya dawo bai bar kowa ya manta ba.

Labarin ɗaya ne. A makonsa na farko a ƙauyen ya fita da hantsi, ya tarar teku ta ja da baya can nesa, ta bar duwatsu a fili, kowane kwarmi da ɗan ruwansa, da ƙananan kifaye da kaguwa da wasu halittu masu ƙaya waɗanda bai taɓa gani ba. Shi mutumin Kurfi ne. Ruwan da ya sani na madatsar Zobe ne, wanda in ya janye da rani ba ya dawowa sai damina. Sai ya ce a ransa, ashe teku ma tana da rani. Ya ajiye rediyonsa da hularsa a kan dutse, ya bi kududdufan nan ɗaya bayan ɗaya, kansa a sunkuye. Da ya ɗago, ruwa ya riga ya zagayo ta bayansa. Ya karanta cikowar teku da janyewarta a littafi, har ya ci jarrabawa a kai, amma ƙafafunsa ba su halarci darasin ba.

A shekarun farko, in yana ba da labarin, ruwan a gwiwa yake kama shi. Daga baya ya kai ƙugu. A 'yan shekarun nan, in ya samu sabon malami wanda bai taɓa ji ba, har wuya yake kaiwa. Shi kansa ya san ruwan yana ƙaruwa. Yakan yi niyyar rage shi, amma in ya iso wurin sai ya ga labarin ya fi daɗi da zurfi.

Abin da bai taɓa ƙarawa ko ragewa ba shi ne abin da ya gani a cikin kududdufan. Wannan ne ya tsaya masa a rai. Shekara da shekaru yana zana talibambam a allo yara suna kwafa, wata ta yi masa gira, wata ta yi masa kunne. Ga Zobe nan kusa, kullum suna cin tumatirinta da kifinta, amma ba wadda ta taɓa tsugunawa ta leƙa abin da ke cikin ruwan. In bazara ta kama ruwa ya ja sosai, akwai wani wuri mai duwatsu inda yake barin ƙananan kududdufai, kamar dai waɗancan na teku in ka cire gishiri. Burin Malam Teku bai wuce ya kai 'yan ajin ƙarshe wurin nan su gani da idonsu kafin su bar makaranta ba.

Kowace shekara yakan roƙi shugabar makaranta, Hajiya Batula, kowace shekara kuma takan ce hanya ba tabbas, iyaye ba za su yarda ba. Bana hanya ta ɗan lafa, shi kuma ya matsa mata lamba har ta fara canza hanya in ta hango shi. Ran nan dai ya tare ta a ƙofar ofis.

"Malam Ikrima," ta ce, "ka ɗauki Ciyaman ka kai shi ya ga wurin da idonsa. In ya ce a je, a je. In ya ce a'a, don girman Allah kada ka sake kawo mini maganar nan har in yi ritaya. Ka yarda?"

"Na yarda, Hajiya."

"Malama Mardiya za ta bi ku. Ita za ta raka yaran in an je."

Ciyaman shi ne Alhaji Sodangi, shugaban ƙungiyar iyayen yara, tsohon dillalin shanu wanda jikarsa take ajin. Mutum ne da in ka kawo masa magana yakan fara cewa a'a, sannan ya tambayi me ka ce. Malama Mardiya kuwa lissafi take koyarwa, kuma ko a ɗakin malamai ba a tsokanarta sau biyu.

Malam Teku ya shirya kamar mai zuwa neman aure. Ya ari rariyar tatar koko wurin matarsa don kamo ƙananan halittu, da farin kwano na zuba su, da gilashin ƙara girma. Ya sami sanda ya shafa wa kanta jan fenti. Ya sayi dogon takalmin roba irin na masu kwasar kwata. Sannan, don Ciyaman ya san da mutumin kirki yake tafiya, ya ciro farar shaddarsa ta Sallah ya sa.

Ranar Asabar da safe Alhaji Sodangi ya zo da tsohuwar motarsa. Ya dube shi daga hula har ƙasa.

"Malam Teku, wagga shadda fa? Ɗaurin aure za mu ko bakin ruwa?"

"Girmanka ne, Baba Alhaji."

"To, girmana ya kai shadda, amma na ga bai sauka ƙafa ba."

"Takalmin na aiki ne, ranka ya daɗe."

"Sama ango, ƙasa lebura," in ji Malama Mardiya daga kujerar baya. "Mu je, Alhaji, kafin rana ta yi."

Suka bar mota inda hanya ta ƙare, suka ratsa gonakin rani. Injinan ban ruwa suna ta ƙugi, ga tumatir ya nuna ja, ga albasa an fara cirewa. Bayan gonakin ƙasa ta buɗe, fili fetal wanda ruwa ya bari, ya bushe ya tsattsage kamar bayan tsohuwar tukunya. Ta tsakiyarsa duwatsu suka miƙe suka yi gwiwa zuwa bakin ruwa, kududdufan suna ƙyalli a tsakaninsu. Balbelu suna tsaye can gefe, ba su kula da kowa ba.

Malam Teku ya hau dutse na farko, ya gyara murya. A nan ne ya fi ƙarfi, ya kuma sani.

"Baba Alhaji, abu na farko, ba yarinyar da za ta sa ƙafa ko hannu tsirara cikin ruwan nan. Ka ga ƙananan katantanwan can da ke manne jikin dutse? A jikinsu ƙwayar tsargiya take girma, ta fito ta shiga ta fatar mutum. Don haka kowa da takalmi rufaffe, abin da za a kamo kuma da rariya za a kamo shi."

Alhaji ya tsaya. "Tsargiya daga katantanwa take?"

"Daga nan take, ranka ya daɗe."

"Ikon Allah. Mu da muna yara cewa ake alamar girma ce." Ya gyaɗa kai. "Wannan magana ce. Ci gaba."

Ya ci gaba. Ya nuna musu gansakuka, ya ce duk inda dutse ya yi kore ba a takawa, santsi ne da shi kamar an zuba miyar kuɓewa. Ya ɗaga wani ɗan dutse, wasu ƙwari suka watse, ya mayar da shi yadda ya same shi, ya ce gidan wani ne, in ka leƙa sai ka rufe masa ƙofa. Ya ce yara bibbiyu za su riƙa tafiya, ba mai gudu, ba mai tsalle daga dutse zuwa dutse. Alhaji yana biye yana dogara sandarsa, yana cewa "haka ne" a hankali. Har Malama Mardiya tana gyaɗa kai. Malam Teku ya ji zuciyarsa ta yi fari kamar shaddarsa. Da ya tsaya nan, da sun koma gida da labari mai daɗi.

Bai tsaya ba. Ya ɗaga sandar nan mai jan kai.

"Saura babbar doka, wadda ta fi duk sauran. Ba a juya wa ruwa baya."

Alhaji ya dubi ruwan da ke can kwance, ko motsi ba ya yi. "Wane ruwa?"

"Kowane ruwa, Baba Alhaji. Za a kafa sandar nan a bakinsa. In aka ga ruwa ya taɓa jan fentin, kowa ya tattara ya fito. In za a fito kuma, ido na kan ruwa. Ni da kake gani, a ƙauyen da na yi bautar ƙasa..."

"Mun ji, Malam," in ji Malama Mardiya da sauri. "Har wuya."

"Malam," Alhaji ya ce, "ruwan ga tun bayan kaka yake tafiya. Ban taɓa ganin ya waiwayo ba sai an yi ruwan sama."

"Horo ne, ranka ya daɗe. Yarinyar da ta koya a nan, in Allah ya kai ta teku wata rana, ba za ta yi irin tawa ba."

"Wace teku kuma? Rabinsu ko Katsina ba su taɓa zuwa ba," in ji Malama.

Amma ya riga ya yi gaba. Ya bi kan duwatsu har bakin ruwa, ya kafa sandar, ya danna ta da kyau. Sannan ya ɗaga murya.

"Yanzu ku sa ido a kan sandar. Kada ku ɗauke. Ku ga yadda ake dawowa."

Suka sa ido a kan sandar, don dukansu mutane ne masu bin doka in an faɗe ta da ƙarfi. Shi kuma ya fara tafiya da baya, fuskarsa na kallon ruwa, hannuwansa a buɗe, taku ɗaya bayan ɗaya, yana bayani. Abin da ya manta shi ne duwatsun da ya bi ba a miƙe suke ba, gwiwa suka yi. Shi kuwa mai tafiya da baya miƙewa yake. Ya sauka daga dutse ya taka busasshiyar ƙasar nan mai tsaga, ta amsa masa ƙaras, ƙaras, kamar ƙasar kirki.

"Kun gani, ko da ruwan zai taso, ina ganinsa tun daga..."

Ɓawon ƙasar ya fashe. Ƙafar hagu ta shige har gwiwa. Ya dafa da ta dama don ya zaro ta, ta dama ta wuce ta har cinya. Ya yunƙura, taɓon ya yi wata ƙara kamar saniya ta zaro ƙafa daga dagwalo, ya ƙara karɓarsa. Wani wari ya taso na ruɓaɓɓen ganye da tsohon kifi.

"Malam," in ji Alhaji, idonsa har yanzu a kan sandar, "sandar ga dai ba ta motsa ba. Ruwan ma haka."

Ya ɗan ɗaga murya.

"Malam Teku?"

Suka juyo tare. Rabin malamin ilimin halittu ne ya rage a sama, hularsa zaune daram, ya tattare shaddarsa da hannu biyu ya riƙe a ƙirji kamar mai tsallake kwata.

"Innalillahi," in ji Alhaji.

Malama Mardiya ta ja mayafi ta rufe baki. Kafaɗunta kawai ke rawa. Da ta samu ta iya magana sai ta ce, "Sannu, Malam. Ka ji ciwo?"

"Lafiya lau. Ƙasar ce ta ɗan yi laushi."

"Ta ɗan yi."

Alhaji ya matso bakin dutsen da ya fi kusa, ya miƙa masa sandarsa. Malam Teku ya kama, Alhaji ya ja, taɓon ya ja, sai ga tsoho yana tangaɗi a bakin dutse. Malam Teku ya yi maza ya saki. Malami ɗaya a taɓo abin dariya ne. Malami da Ciyaman a taɓo kuwa sai dai a rufe makarantar.

"Bari in kira masu gonar can," in ji Malama, ta juya ta bi kan duwatsu, tana duba inda take takawa.

Malam Teku ya san abin da ya kamata ya yi. Ya sha koyar da shi: wanda taɓo ya kama kada ya yi ta mutsu-mutsu, ya kwanta da baya ya baje nauyinsa, ƙafafu za su taso a hankali. Ya sani sarai. Amma ya dubi shaddar, ya tuna telan da ya yi wata guda yana yi masa yawo da hankali kafin ya ɗinka ta. Ya kuma dubi Ciyaman. Mutum a tsaye, ko da rabinsa ne, yana iya kare maganarsa. Mutum a kwance cikin taɓo ba ya da sauran magana. Sai ya tsaya yadda yake, yana jin sanyin laka yana cika masa takalmi.

Alhaji ya tattare rigarsa ya zauna a kan dutsen. Rana ta fara zafi. Can ya ce, ba tare da wasa a muryarsa ba:

"In da ɗiyar wani ce fa?"

Ya auna shi da ido, ya ci gaba:

"Kai dogo ne, ya kama ka a cinya. Jikata Khadijat ba ta kai kafaɗarka ba. Mi zan ce ma uwarta?"

"Ba abin da za ka ce, Baba Alhaji." Ya sunkuyar da kai. "Na sha zuwa wurin nan ni kaɗai, ban taɓa sauka daga dutse ba, don ina kallon inda nake sa ƙafa. Yau ne na tsaya gadin tekun da ba ta nan."

Alhaji ya yi ƙwafa, ya kau da kai. Malam Teku ya san an gama. Ya hango kansa shekara mai zuwa da ta bayanta a gaban allo da alli a hannu, Hajiya Batula kuma ta daina canza hanya in ta gan shi, don ba sauran abin da zai roƙa. Abin ya fi taɓon nauyi.

Inda Alhaji ya kau da kai, akwai wani kududdufi a kwarmin dutsen, ruwansa garai-garai. Don kada ya dubi mutumin da ke cikin kunya, sai ya zuba wa ruwan ido. Jim kaɗan ya ɗan sunkuya. Inuwarsa ta faɗa kan ruwan, sai ya zabura.

"Kai! Subhanallahi! Malam, ta cinye ɗiyanta!"

"Wa?"

"Kifin ga! Wata 'yar karfasa ce da ɗiya kamar ƙura kewaye da ita. Ina sunkuyawa ta buɗe baki ta haɗiye su duka. Muguwar uwa!"

Daga inda yake Malam Teku ba ya hango cikin kududdufin. Amma wani abu ya motsa a ƙirjinsa, irin wanda yake motsawa in yarinya ta ɗaga hannu a aji.

"Ba ta haɗiye ba, Baba Alhaji. Ja da baya kaɗan, ka ɗauke inuwarka daga kan ruwan. Yauwa. Yanzu kada ka motsa."

"Na ga ta haɗiye da idona."

"Dubi ƙasan haɓarta. Ya kumbura?"

Alhaji ya leƙa ta gefe. "Ya kumbura kamar mai cin goro."

"To jira."

Suka jira, tsoho a tsugune kan dutse, malami a dashe cikin laka. Wani mazari ya zo ya sauka a kan hular Malam Teku ya tashi. Can sai Alhaji ya ja numfashi.

"Ta tofo su! Wallahi ta tofo su, ga su nan da ransu! Har suna wasa!"

"Bakinta ne ɗakinsu. Tun suna ƙwai take riƙe da su a ciki, ba ta cin abinci sai sun ƙyanƙyashe. In ta ga abin tsoro sai su ruga su koma. Kai ne abin tsoron."

"Ni?" Alhaji ya yi dariya, karo na farko tun safe. Ya miƙa hannu a hankali, inuwa ta sake faɗawa, ya janye. "Sun shige! Kai, kai, kai. Ba ta cin ko ɗaya bisa kuskure?"

"Wani lokaci akan samu."

"To, ai ko mutane akan samu." Ya gyara zama. "Wannan kuma mai kama da kunama da ke rarrafe a ƙasa fa?"

"Yana da fiffike?"

"Babu."

"Ɗan mazari ne. A ruwa yake girma, ran da ya isa sai ya hau kara ya tsage bayansa ya fito ya tashi."

"Mazarin da muke kamawa muna ɗaura ma zare?"

"Shi."

Haka Malama Mardiya ta same su, ɗaya yana tambaya ɗaya yana amsawa, kamar ba abin da ya faru. Ta zo da maza biyu ɗauke da zana da dogon tiyon ban ruwa. Na gaban, wani kakkauran manomi mai suna Mas'ud, ya tsaya ya dafa ƙugu. Malam Teku ya gane shi nan take, ya ji dama taɓon ya ƙarasa haɗiye shi. 'Yarsa Hawwa'u tana ajin.

"A'a! Malam Teku ne da kansa? Malama ta ce mu zo da abin ja, na zaci maraƙi ne."

"Sannu da aiki, Malam Mas'ud. Ya iyali?"

"Lafiya lau. Ya ruwa?" Suka shimfiɗa zanar a bayansa. "Sai ka kwanta, Malam."

"Na sani."

"To me kake jira tun ɗazu?"

"Shadda," in ji Malama Mardiya.

Malam Teku ya cire hula ya miƙa wa Alhaji, ya yi bisimilla, ya kwanta. Zanar ta nutse kaɗan, baƙin ruwa ya biyo ta tsakanin saƙar ya ratsa shaddar tun daga wuya har ƙugu. Suka zura masa tiyo ta ƙarƙashin hammata, suka koma kan dutse suka ja a hankali, shi kuma yana karkaɗa ƙafa kaɗan-kaɗan yadda ya sha koyarwa. Ta hagu ta fito, ta dama ta biyo. Takalman ba su biyo ba.

A bakin injin Mas'ud aka sakar masa ruwa ya wanke abin da zai wanku. Malama ta tsaya nesa ta juya baya, amma bakinta bai juya ba.

"Malam, dokarka ta farko. Ƙafa tsirara cikin ruwa."

"Zan je asibiti su duba ni."

"Ka gaya musu a teku ka samo."

A mota an shimfiɗa masa buhun taki a kujerar baya. Alhaji ya ja mota suka koma Dutsin-Ma. Malam Teku ya yi ta shirya yadda zai gode wa Hajiya Batula ya cika alkawarinsa kamar mutum.

Hajiya tana ofis tana jiransu. Ta dubi malaminta, ba takalmi, shadda ta koma kalar kunun kanwa, yana ɗiga a kan simintinta.

"Malam Ikrima," ta ce. Ta juya ga Ciyaman.

Alhaji Sodangi ya zauna, ya jingine sandarsa.

"Hajiya, yara za su je."

Malam Teku ya ɗago.

"Tsaya, ban gama ba. Malama Mardiya ce gaba, abin da ta ce shi za a yi. Mas'ud zai kakkafa kara duk inda dutse ya ƙare, ba mai ƙetarewa. Ni ma zan je. Shi kuwa wanga," ya nuna shi da haɓa, "za a shimfiɗa mai tabarma bisa babban dutse, a ba shi lema. Ba zai sauko ba har a tashi. Bakinsa muke so, ba ƙafarsa ba."

"Alhaji, ka tabbata?" in ji Hajiya. "Dube shi fa."

"Na dube shi tun ɗazu, ya ishe ni. Hajiya, tun ina yaro nake kai shanu ruwa. Ban taɓa leƙa abin da ke ciki ba sai yau. Ba ni son Khadijat ta kai shekaruna ba ta leƙa ba." Ya juya. "Ka yarda, Malam?"

Malam Teku ya yi shekaru yana ganin ranar nan a ransa: shi a gaba, rariya a hannu, yara a bayansa. Bai taɓa ganin tabarma a ciki ba.

"Na yarda, Baba Alhaji."

Asabar ta gaba motar makaranta ta sauke su a bakin gonaki. Hadari ya fara leƙowa ta gabas da yamma-yamma a kwanakin nan, alamar kududdufan ba su da sauran lokaci mai yawa. Yara suka bi Malama Mardiya bibbiyu, kowace da takalmi rufaffe, suna bi ta tsakanin karan da Mas'ud ya kafa. Duk sun ji labari, ba wadda ta ce komai, sai dai in sun zo wucewa ta gaban tabarmar sukan gaishe shi da ladabin da ya wuce kima.

Daga kan dutsen ba ya ganin cikin ko kududdufi ɗaya. Abin da yake gani bayan fararen hijabai ne, an tsuguna an haɗa kai, da Alhaji Sodangi a tsakiyarsu yana daka wa wata tsawa ta ɗauke inuwarta. Surutun da suka zo da shi ya mutu. Ajin da bai taɓa yin shiru a gabansa ba ya yi tsit.

Sai Hawwa'u 'yar Mas'ud ta miƙe ta juyo.

"Malam! Akwai wani abu kamar tsinke yana tafiya a kan ruwa, kuma bai nutse ba!"

"Ƙafa nawa gare shi?"

"Ban duba ba."

"Koma ki duba. Ki duba kuma ruwan da ke ƙarƙashin ƙafar, ya lotsa ko bai lotsa ba."

Ta koma ta tsuguna. Wasu uku suka matso kusa da ita. Malam Teku ya miƙa wuya, ya dafa tabarma, gwiwarsa ɗaya ta riga ta tashi.

"Malam Teku," in ji Malama Mardiya, ko juyowa ba ta yi ba. "Zauna."

Ya zauna, ya gyara lemarsa, ya jira a zo a gaya masa.